Ruwan Zafin da Na Ɗora wa Luba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ɗa ke yi wa uwa yana durƙushe, ina fatan rahamar Ubangiji ta lulluɓe ki a inda kike. Shekara huɗu ke nan da muka kai ki makwancinki a Bungudu, ban taɓa ɗaukar biro na rubuta miki komai ba. Ko kina da rai ma ai sai an nemo mai karanta miki. Yau dai dole ce ta sa.

Magana ce ta cika mini ciki, Inna, kuma na yi rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba. Matata Luba, wadda kike kira 'yar Tsafe, ita ta sa ni rantsuwar. Da na ga abin yana nema ya kayar da ni, na tambaye ta ko ke ma kina cikin waɗanda aka hana. Ta yi murmushi ta ce, "Hwaɗa ma Inna. Ita ba ta kai tsegumi gidan biki." To ga ni na zo.

Kin bar ta da haihuwa biyar. Bayanki da shekara guda ta haifi tagwaye, maza, ƙatta, waɗanda da kin gan su da kin ce jinin gidanku ne, don duk abin kirki a wurinki daga gidanku ya fito. Tun daga nan cikinta bai koma ba. Muka ce ai tagwaye ne, a yi haƙuri. Aka yi arba'in, aka yi yaye, ciki yana nan. Ya saki ya zubo har bisa cinyoyinta, cibiya ta bultso waje, in ta yi tari sai ki ga wani abu ya taso a ƙarƙashin fata. Da bazara ƙasan naman ya riƙa cin ruwa yana tsagewa. Baya kuwa kullum ciwo. Macen da ba ta cika shekara arba'in ba ta koma yin sallah a zaune.

Ba ciwon ne ya fi ci mata rai ba. Shekara uku duk gidan sunan da ta shiga sai an ce mata Allah Ya raba lafiya. A wani biki a Tsafe wata tsohuwa ta dafa ta gaban mutane ta ce, "Wanga ciki ya daɗe, ko kwantacce na?" Luba ta dawo gida ta ninke zannuwanta na fita ta danna a akwati. Daga ranar ba ta ƙara zuwa ko barka ba.

Kin san tela ne ni, idona yake awo. Duk sallah in na zo ɗinka mata riga ba ta yarda in sa tef a jikinta, sai in duba da gefen ido in ƙara yadi in yi shiru. Ita ta san na ƙara, ni na san ta sani.

Likitan da ya duba ta a nan Gusau ya ce ƙaba ce ta ciki, naman da ke riƙe hanji ya rabu biyu, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Zariya. A can likitan fiɗa ya zana mana hoto a bayan kati. Ya ce zai ɗinke naman daga ciki, ya yanke wanda ya zubo, ya jawo fata ƙasa ya haɗa, sannan ya sake wa cibiya mazauni. Na fahimce shi fiye da yadda ya zata, don aikin da nake yi wa rigar da ta yi wa mai ita yawa ke nan.

Luba ta ji tsoron kada ya zama sauya halittar Allah. Na je na tambayi limaminmu ba tare da na kama suna ba, ya ce abin da ya hana mutum ruku'u ciwo ne, kuma neman magani halal ne. Na kawo mata wannan ina murna. Ta ce, "Liman ya sani, Malam. Matan Kucheri ba su sani ba."

Nan rantsuwar ta samo asali. Ta ce a gaya wa kowa aikin ƙaba aka yi, shi ke nan. Mai zuwa dubiya zane zai gani. Amma duk wadda ta zauna jinya dole ta ga ɗinki daga wannan ƙugu zuwa wancan, ta ga cibiya ba a inda ta san ta ba, kuma kafin sati labari ya kai Tsafe cewa uwar 'ya'ya bakwai ta je an mayar da ita budurwa. Yayarta Tumba ta aiko sau uku daga Kucheri, ƙauyen nan na wajen Tsafe, tana cewa za ta zo. Sau uku Luba ta mayar da amsa cewa damina ce, kada a bar gona saboda ita.

Aka yi aiki, Allah Ya sa aka dace. Kwana tara muka yi a asibiti muka dawo. Ƙanwata Balki ta kwashe yara ta tafi da su Bungudu, tunda hutu ake yi kuma tagwaye ba su san wurin zama ba sai bisa cikin uwarsu. Babbar 'yarmu Asma'u tana ɗakinta a Mada da tsohon ciki. Gidan nan da kika sani, wanda ba a jin kiran sallah saboda hayaniya, ya koma ni da Luba da kaji huɗu.

Na rufe shagona na Sabon Gari, a daidai lokacin da ɗinki ya fi yawa. Ba ki ga sabuwar jiha ba, Inna. Ma'aikata sun cika Gusau, kowa yana son kaftani mai aljihu biyu. Na bar keken ɗinkin ya yi ƙura na koma gida.

Ban san haka aikin yake ba. Ba ta iya miƙewa, tafiya take a duƙe kamar mai neman allura. In za ta tashi sai na juya ta gefe na tallafi kafaɗa. In za ta yi tari sai na danna mata matashi a ciki. Ni ne kai fo, ni ne zubarwa, ni ne alwala, ni ne sa ɗamarar da aka ce ta riƙa ɗaurawa. Da ta asibiti ta yi datti na zauna na ɗinka mata wasu biyu da hannu. Zannuwanta da rana tsaka nake wankewa a bayan ɗaki, in shanya ƙasa-ƙasa inda katanga ta tsare, kada matan maƙwabta su hango.

Tuwona kuwa, gara ba ki gani ba. Na farko gudaji, na biyu salala, na uku ya kama tukunya har sai da na jiƙa ta kwana biyu. Luba tana kwance tana kwatanta mini daga ɗaki, in ta so dariya sai ta riƙe ciki ta ce in yi wa Allah in daina.

A masallaci ana sallamewa nake ɗaukar takalmi. Wata rana Alhaji Mamman mai yadi, abokina na shekara ashirin, ya tare ni a ƙofa ya ce, "Tela, an ce ka bar ɗinkin riga ka koma ɗinkin tuwo." Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ya ƙara da cewa wai duk Tsafe da Kucheri an rasa mace guda mai jinya? Na ce masa damina ce. Na tafi gida ina jin maganar a bayana. Ba sharri ya nufa ba, amma ranar na san ba ni da wanda zan zauna in ce masa na gaji.

Na gaji, Inna. Gara in faɗa miki gaskiya. In ta yi barcin rana sai in zauna bakin ƙofar ɗaki in rasa abin yi da hannuwana. Ba yaro ya yi kuka, ba mai sallama. Ko rediyo in na kunna sai in ji kamar ya ƙara wa gidan girma. A irin wannan zama ne na fi tuna ki. Na riƙa cewa da Inna tana nan da tuni ta karɓi komai ta kore ni shago da tsawa.

Ranar da za a sallame mu nas ta jera mini dokoki tana lissafi da yatsu. Kada ta ɗauki nauyi, kada ruwa ya taɓa ɗinki, kada ta miƙe da ƙarfi, kada a shafa komai. Ta kuma ce fatar da ke ƙasan cibiya za ta daɗe ba ta jin taɓawa. Ni kuwa da na ji haka sai na ce alhamdu lillahi, ashe ba za ta sha ciwo ba. Abin da na ɗauka a maganar ke nan na sa aljihu.

Wajen kwana goma sha biyar da aiki cikin ya kumbura ya yi tauri. An kwana biyu ana ruwa, gari ya yi sanyi. Luba ta ce tana jin kamar an aza mata dutsen niƙa. Na duba ɗinki, lafiya lau, a bushe. Na zauna ina tunani, kuma ke na tuna.

Duk Bungudu wa bai san ki da wankan jego ba? Ba gidan da ba a zo a ɗauke ki da tukunyarki. Ke kika yi wa Luba na haihuwa huɗu cikin biyar ɗin. Na tashi ina jin ƙarar masu jego daga bayan zana, da warin dafaffen ganyen dogon yaro, da muryarki a kan tasu kina cewa, "Ruwan da ba su sa mai biƙi kuwwa ba, wankan banza anka yi." Kuma na ga matan nan suna fitowa bayan arba'in jikinsu tsaf, suna aiko miki da goro. A iya sanina kumburin ciki maganinsa gashi ne. Ban ɗauke shi shafa wani abu ba, ruwa ne kawai da tsumma, kuma na yi niyyar in kauce wa ɗinki.

Da hantsi na hura itace, don kananzir ya yi wuya. Na tsinko ganye a bishiyar dogon yaron ƙofar gida na dafa har ruwan ya yi kore. Na kawo ɗaki da tawul sabo. Luba da ta ji warin sai ta lumshe ido ta ce ya tuna mata da ke.

Na tsoma tawul na matse na ɗora mata tsakanin cibiya da ɗinki. Na dube ta ina jiran ta zabura. Ta ce, "Kamar ba ka aza komi ba." Na ce to ruwan sun huce. Na koma na ƙara wuta.

A na biyu hannuna ya kasa riƙe tawul ɗin. Wannan ne wurin da ba na iya wucewa in na tuna, Inna. Hannuna ya gaya mini gaskiya, yatsuna suka yi ja, na saki tawul ya faɗa cikin roba. Maimakon in saurare shi sai na ɗauko ƙyalle na naɗe hannun, don kada ragwantata ta hana matata samun lafiya. Na matse na ɗora na danna, kamar yadda na san kina dannawa. Na tambaye ta. Ta ce, "Ban ji komi ba, Malam." Na yi na uku. Na yi na huɗu.

Da na gama ta yi mini godiya. Ta ce Allah Ya saka, ta ji ƙamshin ya sauke mata kai. Na mayar da ɗamara na fita ina jin kaina wani gwani, har na ce a raina ashe ɗan Inna bai tashi a banza ba.

Washegari da safe na kwance ɗamara na tarar da bororo, manya, sun cika da ruwa, faɗinsu ya kai tafin hannuna. Na tsaya riƙe da ɗamarar. Luba ba ta iya hango wurin daga kwance, fuskata ta karanta. Ta ce, "Mi na na?" Na gaya mata abin da na gani. Kafin kwana uku bororon ya fashe, tsakiyar wurin ta yi baƙi, ya fara wani wari da ban sani ba.

Ana wahalar mai, sai da na yi shatar mota zuwa Zariya, tana kwance a kujerar baya, kowane rami ina jin sa a jikina. Likita ya buɗe ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi abin da ya faru. Kafin in buɗe baki Luba ta ce ita ce ta ɗora wa kanta ina masallaci. Shekara ashirin da biyu muna tare ban taɓa jin ta yi ƙarya da ƙarfin murya haka ba. Na ce likita ba haka ba ne, ni ne, da hannuna, sau huɗu.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ce fatar wurin an ɗaga ta an jawo, da ɗan jini kaɗan take rayuwa, kuma ba ta da bakin da za ta ce ta ƙone. Ya kankare abin da ya mutu. Ya ce a wanke da ruwan gishiri mai sanyi safe da yamma, a sa magani a rufe, mu dawo bayan sati uku. In naman ya taso, to. In bai taso ba za a sake kwantar da ita, a yanko fata daga cinyarta a yi faci. Luba ta juya fuskarta bango. Matar da ta yi shekara uku tana ɓoye ciki ɗaya, ga shi na jawo mata wani yanka.

Nas ta koya mini wankin a gabanta, na yi daidai. Amma da muka dawo gida na ɗauki auduga, sai hannuna ya kama rawa. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau. Kowace safiya in na zo buɗe bandeji sai gumi ya keto mini. In ta ce ba ta ji komai ba sai in sake duba wurin, don yanzu na san wannan magana ba ta nufin lafiya. Na daina yarda da kaina. Ko kunu zan ba ta sai na kurɓa sau uku.

A kwana na shida na yanke shawara ni kaɗai. Na ce rantsuwa a yi mata kaffara, amma fata in ta mutu ta mutu. Wannan aikin mata ne, na shiga abin da ba nawa ba, ga sakamako. Bayan wankin safe na ajiye mata abinci da buta kusa, na ce zan leƙa wani mai kaya a Tsafe. Ta dube ni ta ce Allah Ya tsare.

Sai azahar na samu mota. Na sauka Tsafe na hau kabu-kabu zuwa Kucheri. Na tarar da Yaya Tumba ta dawo daga gona tana wanke ƙafa. Mace ce mai kirki, Inna, kin san ta, ita ta goyi Luba. Ina cewa jikin ya ɗan motsa ta miƙe ko ruwa ba ta bari na gama sha ba. Ta shiga ɗaki tana ƙulla kaya tana yi mini magana ta ƙofa. "Kun gasa mata cikin kuwa? To mi kuka jira? Ciki in anka tsaga shi wuta shi ka so. Ku maza ba ku san komi ba." Ta fito da ƙullin kanwa da saiwoyi, ta ce in ta kama cikin nan da ruwan zafi kwana bakwai ko likitan sai ya yi mamaki.

Na zauna bisa tabarma ina kallon ƙullin. Na so in gaya mata, amma in na gaya mata dalilin sai na gaya mata aikin. Kuma na san ta. Za ta ce to, ta ce ta ji, ranar da na fita masallaci ta ɗora tukunya, don ba za ta iya zama ta ga ƙanwarta da kumburi ta naɗe hannu ba. Soyayya ce za ta sa ta, irin wadda ta sa ni.

Na ce mata ba tafiya na zo yi da ita ba, gaisuwa ce Luba ta aiko ni, jiki kuwa da sauƙi. Ta dube ni kamar wanda ya zautu. Ta ba ni ɗanyar masara da kuɓewa in kai mata.

A hanyar dawowa ne, ina matse a bayan mota da buhun masara a ƙafa, na yi fushi da ke. Wannan ma cikin abin da ya sa na rubuto. Wata guda ina cewa da Inna tana nan, da Inna tana nan. Ranar na gane da kina nan da ke za ki ɗora tukunyar, tun kwana na biyu, kuma naki ruwan ya fi nawa zafi, kuma ba wanda ya isa ya hana ki. Duk wanda ke ƙaunar Luba irin ƙaunarmu ta gida da ya ƙona ta. Ba a Kucheri, ba a Bungudu, ba a kabari, babu wanda zan miƙa wa aikin nan. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, ko ranar da muka dawo daga rufe ki, don ranar akwai mutane.

Na iso ana shirin magariba. Luba tana kwance yadda na bar ta, abincin ta taɓa kaɗan. Ta ga masara, ta ga kuɓewa, ta san gonar da suka fito. Ta dubi bayana ta ga ba kowa. Na tsaya ina jiran hukunci. Ta ce, "Wanke hannunka ka taho, lokaci ya wuce."

Na wanke. Hannun ya yi rawarsa, na bar shi ya yi, na wanke ciwon a haka. Washegari ma haka. Na ɗauko tef ɗina na awo, wanda shekara uku ba ta bari ya taɓa ta ba, na riƙa auna faɗin ciwon duk safiya ba tare da ya shafi naman ba, ina rubutawa da alli a bayan ƙofa. Kwana huɗu bai motsa ba. A na biyar ya ragu da ɗan abin da bai kai faɗin zare uku ba. Na auna sau biyu don kada in yaudari kaina. Daga gefe wani jan nama ya fara tasowa, na yi mata albishir kamar an yi mana haihuwa.

Shekaranjiya muka koma Zariya. Likita ya buɗe, ya danna gefe da gefe, ya ce ba sai an taɓa cinya ba. Ya ce zai rufe da kansa nan da 'yan makonni, sai dai tabo zai zauna, babba, ba zai ɓace ba. Na fita baranda na tsaya ina kallon wata bishiya har sai da idona ya bushe.

Jiya bayan la'asar ta ce in ciro mata madubin bango. Tun da aka yi aiki ba ta kalli wurin ba. Na riƙe mata shi a karkace, na kawar da kaina. Ta daɗe tana duba. Cikin ya kwanta shafal, yadda ban gan shi ba tun kafin tagwaye. Ɗinkin likita ya tafi siriri daga ƙugu zuwa ƙugu, aiki mai kyau, ni tela na shaida. A samansa kuma ga nawa, dunƙule, ja, ba fasali.

A nan ne na ce mata ta yafe mini. Sati uku ina juya kalmar a baki, sai jiya ta fito. Na ce ta so ciki mai kyau sau ɗaya a rayuwarta, na ɓata mata shi.

Ta ɗora yatsa a kan ɗinkin ta ce, "Wanga na likita na." Ta matsa sama kusa da ciwon ta ce, "Wanga naka na. Shanu ma ai tambarin mai su aka aza musu. In anka tashe mu gobe ƙiyama, ba ka da bakin cewa ba ka san ni ba."

Na yi dariya, daga nan abin ya juye mini, na kife madubin a kan katifa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ta bar ni na yi. Da na gama ta ce tuwo dai kada ya kama.

Wannan shi ne labarin, Inna. Balki za ta dawo da yara ranar Juma'a. Alhaji Mamman zai ci gaba da tsokanata, Yaya Tumba za ta ci gaba da cewa mijin ƙanwarta ba shi da kan gado, kuma ba wanda zai san dalili sai mu uku.

Ki yafe mini fushin da na yi da ke a hanyar Tsafe. Abin da kika sani kika yi, kuma da shi kika tayar da matan gari guda. Ni ne na kai shi inda ba wurinsa ba.

Ya Allah Ka jiƙan mahaifiyata, Ka sanyaya mata kabarinta, Ka saka mata da alheri bisa kowace mai jego da ta tsaya wa. Ka cike wa Luba lafiyarta har ta yi Maka ruku'u da sujada a tsaye. Ka sauki Asma'u lafiya. Ka duba duk wanda ke jinya shi kaɗai a bayan ƙofa, Ka ba shi sani gwargwadon ƙaunarsa. Amin.

Zan tsaya nan, ta farka, lokacin wankin yamma ya yi.

Ni ne ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba,
Tela,
daga Gusau.